Kansar tumbi da ta yi wata tara ana ce mata olsa: lamarin wani manomi daga jihar Tahoua

Majiyyacin namiji ne mai shekara 58 a takarda, ko da yake shi ya ce ya ɗara haka. Manomin gero ne da damina, da rani kuma yana noman albasa a fadama, a wani ƙauye na jihar Tahoua. An kawo shi sashen fiɗa na wani babban asibiti a Yamai a ƙarshen damina, babban ɗansa da uwargidansa na riƙe da shi, bayan tafiyar sama da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Abu uku suka kawo shi: amai bayan cin abinci, rama, da ciwo a ƙahon zuciya. Ba ya shan taba, ba ya shan giya, ba a taɓa yi masa fiɗa ba.

Yadda ciwon ya faro

Tun lokacin ɗari abin ya soma, wajen wata tara kafin zuwansa. Da fari zafi ne a ƙahon zuciya da yawan gyatsa. Sai ya lura loma kaɗan ke cika masa ciki, shi da yake tashi da malmala biyu. Ya jiƙa kanwa ya sha, ya samu sauƙi na ɗan lokaci. Daga nan aka ce masa olsa ce, wani mai tallan magani a kasuwa ya sayar masa da omefirazol, kuma gaskiya zafin ya kwanta. Wannan kwanciyar ita ta cuce shi. Omefirazol yana rage tsamin da tumbi ke fitarwa, in tsamin ya ragu kuwa zafi yakan ragu ko da gyambon na ciwon daji ne. Wani lokacin ma saman gyambon yakan ɗan rufe, ƙarin yana can yana cin bango ta ƙasa. Mutum ya ga magani ya karɓe shi, sai ya tabbata olsa ce.

Sau biyu ya je wata cibiyar lafiya, sau biyun aka sake rubuta masa irin wannan magani da wani farin ruwa na ƙwannafi. Ba wanda ya ɗora shi a sikeli, ba wanda ya duba idonsa ya ga ya yi fari. Da azumi ya zo, aka ce azumi ne ya rame shi. Da damina ta sauka ya kasa gama noman farko, yana ɗan duƙawa sai jiri da haki. Amai ya biyo baya, kuma irin aman ya isa ya faɗa wa likita inda cutar take tun kafin a yi wani awo: yana zuwa da yawa, yana wari, babu koren ɗaci a ciki, kuma abincin jiya ne ko na shekaranjiya. Uwargidan ce ta ce ta ga waken da ya ci kwana biyu da suka wuce ya dawo yadda yake. Ya koma fura da kunu. Da fura ma ta soma dawowa, sannan aka tara kuɗin mota.

Abin da aka gani a gado

Nauyinsa kilo 49. Wani tsohon katin asibiti da matar ta adana ya nuna kilo 62 shekara biyu baya. Idanu sun faɗa, harshe ya bushe, fata in an ja ta sai ta tsaya. Saman ciki ya ɗan tasa, kuma da aka girgiza shi a hankali, tun safe bai sa komai a baki ba, ana jin ruwa na kaɗawa kamar gorar da ba ta cika ba. Tumbi mai lafiya ba ya riƙe ruwa tsawon wannan lokaci. Mun laluba ramin da ke saman ƙashin wuya na hagu, inda kansar ciki kan tura kaluluwa in ta yi nisa, babu. Hanta ba ta kumbura ba, babu ruwa a ciki, babu ƙullutu a cibiya, binciken dubura ma bai nuna komai ba.

Awon jini ya nuna himogulobin, ma'aunin ƙarfin jini, 7.8, wato wajen rabin abin da ake so ga namiji. Fotasiyam da kulorid, gishirin da ke cikin jini, sun yi ƙasa, awon ƙoda ya ɗan hau. Haka ake gani ga mai aman ruwan tumbi zalla: yana zubar da tsami da gishiri, ƙoda kuma garin riƙe ruwa sai ta riƙa watsar da fotasiyam a fitsari. Wanda aka sa wa maganin barci a wannan hali, zuciyarsa na iya rikicewa a kan tebur. Don haka kwanakin farko ba su shafi kansar ba sam. An sa masa robar hanci zuwa tumbi, ta fitar da ruɓaɓɓen abinci fiye da lita biyu a ranar farko, aka riƙa wanke tumbin da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma. An yi ƙarin ruwa da fotasiyam, an ƙara masa jini leda biyu da ɗansa da wani ɗan garinsu mai gadi a Yamai suka bayar.

Na'urar leƙa ciki

Abin da ma'aikata da majiyyata a nan ke kira fibro, tiyo ne mai lanƙwasa, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinsa, da wata ƴar hanya a ciki da ake zura kayan aiki. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, mutum ya kwanta ta hagu, a zura. Minti goma zuwa sha biyar an gama. Ba a yi masa ba sai bayan kwana uku ana wanki, don tumbi mai cike da tuwo ba ya nuna komai, kuma mai shi na iya shaƙewa.

Hanyar abinci daga maƙoshi lafiya take, saman tumbi ma haka, sai dai ya buɗe ya yi faɗi. A ƙasan tumbi, daf da ƙofar da ke fita zuwa hanji, aka tarar da gyambo mai tudun gefe, mai tauri, da ana taɓa shi sai jini. Ya kusa zagaye ƙofar, ya matse ta har na'urar ta kasa wucewa. An gutsuri nama takwas daga gefunansa. Ana ɗaukar shida zuwa takwas ne saboda tsakiyar gyambo mataccen nama ne, kuma gutsure ɗaya ko biyu na iya kuskure cutar, a ba mutum takardar lafiya alhali yana ɗauke da ita.

Wani zai ce ido ya riga ya gani, me ake jira? Ana jira ne don ba kowane ƙari a tumbi ake yi wa aiki ɗaya ba. Tsohuwar olsa da ta warke da tabo tana toshe wannan ƙofa. Tarin fuka yana iya kama wurin, kuma a ƙasarmu ba abin mantawa ba ne. Akwai kansar ƙwayoyin garkuwar jiki mai tafiya a hankali, wadda sau da yawa kashe ƙwayar cutar Helicobacter pylori kawai ke kawar da ita ba tare da wuƙa ba. Akwai ƙarin da ke fitowa daga cikin naman bango, wanda ake kira GIST, shi ana yanke wurin ne kawai ba a bi kaluluwa ba, kuma yana jin wani magani mai suna imatinib da aka amince da shi tun 2002. Sakamakon majiyyacinmu ya dawo bayan mako biyu: kansar fatar cikin tumbi ce, wadda ta fi kowacce yawa, nau'in da ya ɗauko kamannin hanji a rabe-raben da likita Lauren na ƙasar Finlan ya yi a 1965. An ga Helicobacter a naman da ke kewaye.

Wannan ƙwayar cuta ita ce tushen mafi yawan kansar ƙasan tumbi. Barry Marshall da Robin Warren ne suka tabbatar da ita a Ostareliya a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005, kuma tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Galibi tun mutum yana yaro yake kamuwa da ita a cikin gida. Tana hura bangon tumbi shekara da shekaru, bangon ya sirance, fatarsa ta sauya, a cikin mutane ƙalilan sauyin ya zarce ya zama kansa. Yawan gishiri, kyafaffen abinci da taba suna ƙara wa abin gudu. Mafi yawan masu ɗauke da ita har su mutu ba za ta kai su nan ba. Amma a duniya, ƙididdigar 2022 ta nuna kusan mutum miliyan ɗaya ne suka kamu da kansar tumbi a shekarar, sama da dubu 650 suka rasu.

A nan ya kamata in tsaya kaɗan, don wannan na'ura da ta yi mana aikin gani kawai, a wasu wurare ita ce maganin gaba ɗaya. In an kama kansar tana fatar sama ba ta nutse ba, faɗinta bai wuce santimita 2 ba, ba ta yi gyambo ba, kuma nau'inta mai tsari ne, da wuya ta kai kaluluwa. Sai a zura allura ta cikin na'urar a ɗura ruwa a ƙarƙashin wurin ya taso, a zagaye shi da ƴar wuƙar lantarki, a feɗe shi gaba ɗaya a fito da shi ta baki. Ba a tsaga ciki ba, tumbi na nan, mutum ya koma gida cikin ƴan kwanaki. Likitocin Japan ne suka gyara wannan dabara a ƙarshen shekarun 1990. Abin da ya sa take yi musu amfani shi ne suna neman cutar tun ba ta yi magana ba; a Koriya ta Kudu, duk wanda ya kai 40 ana kiransa awon tumbi bayan kowace shekara biyu. Mu ba mu da halin leƙa cikin kowa, ban kuma ga dalilin da za mu yi mafarkin haka ba. Amma mutumin da ya haura 50, ciwon ciki ya zo masa sabo, yana ƙoshi da wuri, yana rama, jininsa na raguwa, wannan ba kowa ba ne. Shi fibro ya kamata a rubuta masa tun zuwan farko, kafin kwalin omefirazol na biyu. Ba zan ce da an leƙa da ɗari za a same ta a fatar sama ba. Abin da na tabbata shi ne da an same shi da ƙofa a buɗe da kilo 60, da zaɓin da ke gabanmu ya fi wanda muka samu.

Zaɓi uku, da wanda ya kuɓuce

Hoton sikana na ƙirji da ciki ya nuna bangon ƙasan tumbi ya yi kauri, da ƴan kaluluwa da suka girma a gefensa. Hanta da huhu babu komai, kuma akwai siririn kitse tsakanin ƙarin da fankiriyas, gaɓar da ke kwance bayan tumbi mai fitar da ruwan narka abinci, alamar bai manne ba.

A ƙa'idar da ake bi yau, irin wannan kansa ba da wuƙa ake fara mata ba. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2006, ya nuna waɗanda aka ba maganin kansa na jijiya kafin fiɗa da bayanta, 36 cikin 100 sun kai shekara biyar, waɗanda aka yi wa fiɗa kawai 23 cikin 100. A 2019 wani gwaji na Jamus ya kawo haɗin magani huɗu da ake kira FLOT, zagaye huɗu kafin aiki, huɗu bayansa, ya fi na da. Sai dai wannan hanya tana son mutum mai cin abinci. Wata biyu na shimiyo, wato maganin kansa na jijiya, a kan wanda ko fura ba ta wuce masa, jininsa na tsiyaya a ciki, kashe shi za ta yi kafin ta taɓa ƙarin. Wannan zaɓi toshewar ce ta ƙwace masa shi.

Saura uku. Na farko a sa ragar ƙarfe ta na'urar leƙa ciki: ana zura ta a tsuke ta cikin ƙofar da ta matse, a sake ta ta buɗe, abinci ya samu hanya cikin kwana ɗaya ko biyu. Aiki ne mai kyau ga wanda cutarsa ta watsu kuma ba a sa ran zai wuce ƴan watanni, haka ma ga mai kansar hanyar abinci da ya kasa haɗiye ko yawu. Amma ragar kan toshe ko ta goce, tana da tsada, sai an yi odarta daga waje, kuma mutumin da gidansa ke nesa da na'ura da yini guda a mota, in ta toshe masa da tsakar dare wa zai buɗe? Na biyu a tsaga ciki a ɗinka hanji a saman tumbi, abinci ya kewaye ƙarin, a bar ƙarin a inda yake. Yana daɗewa fiye da raga, amma jinin ba zai tsaya ba, cutar ma tana nan. Na uku a cire ƙasan tumbin da kaluluwarsa, daga baya a ba da magani. Shi kaɗai ne ke da niyyar warkarwa, shi ne kuma mafi haɗari ga ramamme.

Taron likitocin fiɗa, na ciki, na kansa da na sa barci ya tsaya a kan na uku, bisa sharaɗi: a fara leƙa cikin da kyamara ta ƙaramar huda a cibiya. Sikana ba ta ganin ƙananan ɗigon kansa da ke bazuwa a tantanin ciki. In an gan su, cire tumbi wahala ce ba riba, sai a koma zaɓi na biyu.

Maganar da aka yi da iyali

Ɗan ya tare babban likita a baranda. "Likita, don Allah kar a faɗa wa tsoho sunan ciwon. In ya ji, cewa zai yi a mai da shi gida." Likitan ya ce masa ba za a jefa masa maganar kamar dutse ba, amma cikin mahaifinsa za a buɗe, shi ne kuma zai rayu da abin da ya rage, don haka yardarsa ake nema. Aka zauna su huɗu. Aka ce: "Baba, wani ƙari ne ya fito a bakin tumbinka ya toshe hanya. Mugu ne, irin mai yaɗuwa. Muna so mu cire shi." Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, daji ke nan. Ba shi ne ake cewa in ƙarfe ya taɓa shi sai ya watsu ba?"

Wannan magana ta zaunu a zukatan mutanenmu, kuma ba daga sama ta faɗo ba. Mutane sun ga an kai nasu asibiti a makare, an buɗe, an rufe, bayan wata biyu ya rasu, sai suka ɗora wa wuƙa. Cutar ta riga ta watsu kafin wuƙar ta iso. Haka aka bayyana masa, aka kuma gaya masa gaskiya cewa aikin na iya zuwa da ajali, ɗinki na iya yoyo, kuma ko an yi nasara akwai wata shida na magani a gaba. Ya tambayi abu ɗaya: zai sake cin tuwo? Aka ce zai ci, amma kaɗan-kaɗan. Ya ce a yi. Kuɗin aiki da na magani daga rago biyu da aka sayar suka fito, da abin da ƙaramin ɗansa mai cin rani a Abijan ya aiko.

Fiɗar

Kyamara ta nuna tantanin ciki sumul, saman hanta ma haka. Aka buɗe daga ƙahon zuciya zuwa cibiya. Ƙarin ya kai girman santimita 5, ya taurara bango amma bai huda zuwa waje ba, kuma ya ɗagu daga fankiriyas ba gardama. An cire wajen kashi huɗu cikin biyar na tumbi tare da mayafin kitsen da ke rataye a jikinsa, aka bar tazarar santimita 5 ta lafiyayyen nama sama da ƙarin, aka yanke ƙasa da ƙofar aka rufe bakin hanjin farko.

Inda aikin ya ci lokaci shi ne kaluluwa. Kansar tumbi ta nan take fara tafiya, daga waɗanda ke manne da tumbi zuwa waɗanda ke bin manyan jijiyoyin jini na hanta, na saifa da tushen jijiyar tumbi ta hagu. Kwashe sahu na biyun shi ake kira D2. Likitocin Japan sun daɗe suna yin sa, Turawa suna ɗari-ɗari, don a gwajin da aka yi a Holan mutum 10 cikin 100 sun mutu sakamakon aikin, na ƙaramin aiki kuwa 4. Daga baya aka gane yawancin ɓarnar daga cire saifa da wutsiyar fankiriyas ta zo. Da aka bi waɗannan majiyyata shekara 15, rahoton 2010 ya nuna waɗanda aka yi wa D2 sun fi tsira daga kansar. Abin da aka tsaya a kai yanzu, shi muka yi: a kwashe sahu biyun, a bar saifa da fankiriyas.

Tun da Theodor Billroth ya yi nasarar cire ɓangaren tumbi karo na farko a Biyana a 1881 ake muhawarar yadda za a mayar da hanya. Mun zaɓi tsarin da ake jingina wa César Roux na Suwizalan: a yanke ƙaramin hanji, a jawo reshe ɗaya a ɗinka da ragowar tumbi, reshen da ke ɗauko ruwan ɗaci kuma a haɗa shi can ƙasa da tazarar santimita 40 ko fiye. Ɗinki biyu ne maimakon ɗaya, amma ɗaci ba ya komowa ya ƙona ragowar tumbin. An kuma saka siririyar roba ta bangon ciki zuwa hanji don ciyarwa. Aikin ya ɗauki awa huɗu, an ƙara jini leda ɗaya.

Washegari aka soma ɗura masa abinci ta robar, kaɗan ƙwarai, ana ƙarawa a hankali. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi farat ɗaya, fosfet da fotasiyam na jini sukan faɗi, zuciya ta kasa. A kwana na biyu aka zaunar da shi, na uku ya taka. Kwana na biyar zuwa na bakwai su ne na fargaba, lokacin da rufaffen bakin hanji ko ɗinki kan yi yoyo. A na shida zazzaɓi ya taso, hankalin kowa ya tashi, amma ciki na da laushi, robar da ke tsotso ruwa daga ciki ba ta kawo ɗaci ba. Ƙasan raunin ne ya tara mugunya. Aka kwance zare uku aka wanke, zazzaɓin ya sauka. Ya fara kurɓar ruwa, sai kunu, sai tuwo mai laushi da miyar kuɓewa. An sallame shi a kwana na 16, ya sauka gidan ɗan garinsu a Yamai.

Sakamakon naman da aka cire: ƙarin ya ratsa naman bango har ƙarƙashin tantanin waje, bai huda shi ba. Bakin yanka sama da ƙasa babu cuta. Cikin kaluluwa 21 da aka ƙirga, 4 sun kamu. Adadin na da muhimmanci, don in ba a duba aƙalla 16 ba, ba a yarda an san matakin cutar da kyau. Wannan mataki na uku ne, rukunin farko.

Bayan wuƙa

Kaluluwa huɗu da suka kamu na nufin mai yiwuwa wasu ƙwayoyin sun riga sun wuce inda ido ke gani. Mako shida bayan aiki aka fara masa haɗin oksalifilatin ta jijiya da ƙwayoyin kafesitabin na sha, zagaye takwas, kowane bayan mako uku, tsarin da wani gwaji na Koriya da Sin da Taiwan ya tabbatar da amfaninsa a 2012 ga waɗanda aka yi wa D2. Ɗan ya tambaya ko ba za a gasa wurin da haske ba, tunda ya ji Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da ke Yamai ta buɗe sashen gashi a 2021. Aka ce masa gashin ya fi amfani a kansar hanyar abinci. A tumbin da aka cire da tsabta aka kwashe kaluluwa, ba ya ƙara wani abin kirki a kan magani. An kuma ba shi maganin kashe Helicobacter na kwana 14 saboda ragowar tumbin.

Maganin ya faɗo a tsakiyar ɗari, oksalifilatin kuwa ba ya shiri da sanyi. Bayan zagaye na biyu ya ce in ya taɓa ruwan alwalar asuba sai yatsunsa su ɗauki tsikari, in ya sha ruwan randa maƙogwaro ya shaƙe. Aka ce a riƙa ɗumama masa ruwa, ya sa safa, ya rufe baki da rawani in zai fita. Zagaye na huɗu ya makara da mako biyu don kuɗi ba su iso ba sai da albasa ta fara shiga kasuwa. Da azumi ya kama ya so ya ɗauka. Likita ya bayyana masa cewa ragowar tumbinsa ba za ta ɗauki abincin yini a zama biyu ba, ƙwayoyin kuma safe da yamma ake shan su bayan cin abinci. Limamin unguwar ya ƙara masa da cewa rangwamen mara lafiya nasa ne. Bayan zagaye na shida dindiris ɗin ƙafa ya daina tafiya tsakanin zagaye, takalmi na zame masa bai sani ba. Aka dakatar da oksalifilatin don lahanin jijiya kan zama na dindindin, ya ƙarasa biyun da ƙwayoyi kaɗai.

Abin da ya fi damunsa a gida ba ciwo ba ne, fura ce. In ya sha ta da sukari ya cika ludayi biyar a jere, bayan minti ashirin sai zufa, bugun zuciya, jiri, wani lokacin gudawa. Ƙofar da ke sakin abinci kaɗan-kaɗan ta tafi, don haka ruwa mai zaƙi na afkawa hanji gaba ɗaya ya jawo ruwan jiki. Gyaran a kicin yake, kuma uwargidan aka koya wa: ci shida a yini maimakon biyu, fura mai kauri ba sukari, ƙwai, wake da aka dafa ya yi lugub, nama ko kifi in an samu, zogale, ruwa kuma sai rabin awa bayan ci. Ana ba shi ƙwayoyin ƙarin jini, ana kuma auna bitamin B12, don ko ragowar tumbi na nan yakan ragu da shekaru. Wanda aka cire wa tumbi duka shi allurarsa ce har ƙarshen rai.

Shekara ɗaya da wata biyu bayan aiki nauyinsa kilo 55, himogulobin 11.9. Sikana ba ta nuna komai ba, fibro ta tarar da ɗinki lafiya. Ya yi noman bana, ko da yake rabin gonar ya bar wa ƴaƴa, kuma dindiris ɗin yatsun ƙafa bai gama tafiya ba. Ba a ce masa ya warke ba. A mataki na uku, cutar kan dawo wa da yawa daga cikin majiyyata, galibi cikin shekara biyu zuwa uku na farko, a tantanin ciki ko a hanta, kuma shi da ɗansa sun san haka. Don rage masa hanya, awon jini da na nauyi na kowane wata uku a Tahoua yake yin su, ɗan ya turo hoton takardar ta WhatsApp, Yamai kuma sai bayan wata shida don sikana. An shaida musu abin da zai sa su taso ba jiran rana: amai, kumburin ciki, idanu su yi rawaya, baƙin bayan gida, ko nauyi ya soma sauka. Da yake ɗan'uwan mai kansar tumbi na jini ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa, an shawarci ƴaƴansa manya su yi awon Helicobacter, ƙanensa mai shekara 52 da ke fama da ƙwannafi kuma aka rubuta masa fibro. An samu olsa ta gaske a hanjin farko, da ƙwayar cutar, aka ba shi maganin kwana 14.